Gona Ita Ce Uwar Kuɗi

Kowane ɗan kasuwa ya sani, wanda ya fara cin uwar kuɗi ya kusa rufe rumfa. To, haka sha'anin gona yake. Manomin da ya lizimci dawa ko masara a gona guda shekara da shekaru, ba hutu ba sauyi, jarinsa yake ci yana zaton riba ce.

Dalili kuwa, kowace shuka da irin abincin da take zuƙa daga ƙasa. In aka yi ta maimaita ta, sai abincin nan ya ƙare, ƙwarinta da cututtukanta kuma su sami mazauni. Babbar alama ita ce ƙuduji, wanda ke maƙale wa saiwar dawa yana shanye ruwanta. Tushe guda yakan zubar da iri dubbai, irin kuwa yana iya kwanciya cikin ƙasa fiye da shekara 10 yana jiran dawa.

Maganin ba ɓoyayye ba ne. Gyaɗa da wake da waken soya suna da ƙulli-ƙulli a saiwa masu mayar wa ƙasa ƙarfinta. Auduga da waken soya kuma sukan yaudari irin ƙuduji ya tsiro, ya rasa abin kamawa, ya mutu. Manoman kewayen Kano sun daɗe suna noma gonakinsu kowace damina ba su mutu ba, domin sun riƙi haɗa gero da wake, da kai takin birni cikin mangala.

Saboda haka ya wajaba malamai masu gandu su riƙa juya shuka, attajirai masu ba da bashin noma kuma kada su ɗaure manomi ga iri guda. Ƙasa amana ce, 'ya'ya ne za su gaje ta.