Littafin Tarihi Ba Ya Karantuwa Sai Da Taswira

Idan ɗalibai da ma'aikata masu sha'awar tarihi suka zauna hira kan littattafan da suka gagare su, da wuya a tashi ba a ambaci Infaƙul Maisuri na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ba, ko kuwa littafin tafiye-tafiyen Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a 1851. Galibi akan ɗora laifin a kan nauyin harshe ko yawan shafuka. Amma babban abin da ke karya wa mai karatu gwiwa shi ne rashin taswira.

Mai karatu zai ji cewa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804, aka gwabza a Tabkin Kwatto a wannan shekara, sa'an nan Alkalawa ta faɗi a 1808. To, wanda bai san ina waɗannan wurare suke ba, ko tazarar da ke tsakaninsu, sunaye kurum yake haddacewa. Taswirar yau kuwa takan ƙara rikita shi, domin iyakar da ta raba Nijeriya da Nijar Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata ta daga baya. Wanda ya dogara da ita zai ɗauka Maraɗi da Tsibiri ba su da alaƙa da tarihin Katsina da Gobir, alhali can ne sarakunansu na da suka koma.

Magabata ba su raina wannan fanni ba. Taswirar da Sarkin Musulmi Bello ya ba Clapperton a Sakkwato a 1824 an buga ta a Landan a 1826. Littafin Barth kuma ya fito ne tare da taswirorin da August Petermann ya tsara. Abin kunya ne a ce ɗalibin da ke Sakkwato sai ya sha wahala kafin ya ga abin da aka zana a garinsu.

Saboda haka ya kamata Gidan Arewa da ke Kaduna da sassan tarihi na jami'o'i su tattara irin waɗannan taswirori, a sake buga su da sunayen wurare cikin Hausa. Ma'aikatun Ilmi na jihohi su raba su ga makarantu da ɗakunan karatu. Masu buga littattafai kuma su daina fitar da littafin tarihi ba tare da taswira ba.