ƊAN TALAKA MA YANA DA IYAYE

Maganarmu ta wannan mako da 'yan kasuwa ce, maza da mata, na Kakuri da Makera da Barnawa da Nasarawa da Television da Sabon Tasha, da dukan talakawan da ke zaune a tsallaken kogin Kaduna, Musulmi da Kirista. Magana ce a kan 'ya'yanmu, da abin da ya kamata uba ko uwa su yi ranar da hukuma ta ɗora hannu a kan ɗansu da sunan tana bincike don kare shi.

Mu ɗauki misali. Mace tana suyar ƙosai a bakin Kasuwar Monday. Da sassafe ta ɗora wa 'yarta mai shekara 11 tire, ta ce ta kai wa masu shaguna kafin lokacin makaranta. Rana ta take, yarinya shiru. Can sai wani yaron mota ya ce ya ga an sa ta a mota tare da waɗansu yara masu talla. Motar wa? Ina aka nufa da su? Babu mai amsa. Uwa ta bar kasko a kan wuta, ta bi ofis ofis, nan a ce mata ba nan ba ne, can a ce ta dawo gobe. Ranar da ta gano inda 'yarta take, sai a miƙo mata takarda da Turanci a ce ta dangwala yatsa. Ba ta san abin da ke ciki ba, amma za ta dangwala, domin 'yarta take so. Ba sai mun kama sunan kowa ba. Duk wanda ya daɗe a kasuwa ya san irin wannan rana.

To, kada wani ya ce muna cewa hukuma ba ta da ikon taɓa yaro. Ko kusa. A ƙarshen watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fasa wani gida a Rigasa, suka fito da mutum fiye da 300, manya da yara, waɗansu da mari a ƙafa, waɗansu da tabon bulala a baya. Da yawa daga cikinsu iyayensu ne suka kai su da hannunsu, suna tsammanin gyara za a yi musu. Wannan aiki na hukuma daidai ne, kuma mun yaba. Yaron da ake azabtarwa a ceto shi, ko daga hannun malami, ko daga hannun ubansa. Haihuwa ba lasin zalunci ba ce.

Abin da muke ƙi shi ne a ɗauki yaro cikin minti biyar, sa'an nan mayar da shi ya ci watanni ko shekaru. Ku tuna da gidan marayu na Du Merci. A ranar Kirsimeti ta 2019 aka kama mai gidan, Farfesa Solomon Tarfa, a Kano, aka kwashe yaran da ke hannunsa, bayan kwanaki kaɗan aka zo reshensu na Kaduna aka kwashe na nan aka tafi da su Kano, duka yara 27. A watan Yuni na 2021 Babbar Kotun Kano ta wanke shi daga tuhumar satar yara, amma aka ƙara shekaru waɗansu yaran ba su koma ba. Ku tuna kuma da 2020, lokacin annobar korona, da gwamnonin Arewa suka yanke shawarar mayar da almajirai jihohinsu. Aka loda yara dubbai a motoci, wannan jiha tana tura wa waccan, har aka sami waɗansu sun isa ɗauke da cutar. Shawara ce ta gwamnoni a tsakaninsu. Ba mu ji an kira iyayen yaran an tambaye su ba. In Farfesa mai lauyoyi ya sha wannan wuya, ina ga mai ƙosai?

Wannan ciwo tsoho ne. Tun 1943 Turawan mulkin mallaka suka kafa dokar yara da matasa a Ikko, aka shiga kama 'yan mata masu talla a titi, iyayensu 'yan kasuwa suna kuka. Jihar Arewa ta yi tata dokar a 1958. A 2003 Gwamnatin Tarayya ta yi dokar haƙƙin yara, Jihar Kaduna kuma ta yi tata a 2018. Kafin wannan, a watan Yuli na 2015, bayan bom ya tashi a sakatariyar Sabon Garin Zariya, gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta hana bara da talla a titunan jiha, daga baya aka mai da hanin doka. Dokokin nan akwai alheri a cikinsu. Amma ku duba a kan wa sandar take sauka. Yarinyar da ke talla a bakin titi kowa yana ganinta, sai a kama. Yarinyar da aka ɗauko daga ƙauye tana wanke-wanke da shara tun asuba har dare a unguwannin manya, babu makaranta, katanga ta rufe ta, wa ya taɓa ƙwanƙwasa ƙofar? Ashe dokar tana da ido ɗaya ke nan.

Su kuwa masu tambaya me ya sa talaka yake ɗora wa ɗansa talla, su zo Kakuri su ga amsa. A 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a nan, waɗansu masaƙu suka biyo baya, mutane dubbai suna karɓar albashi ƙarshen wata, kasuwa tana ci. A 2002 aka rufe ta, a 2007 babbar masaƙar UNTL ta tsaya. Uban da ya yi shekara ashirin a gaban inji ya koma zaman gida, abincin gida ya koma kan kaskon uwa da tiren 'ya. Waɗanda suka bari masaƙu suka mutu, su ne yau suke tuhumar talaka da rashin kula da ɗansa. Talauci ba laifi ba ne, kuma babu dokar da ta ce a raba uwa da ɗanta don ba ta da kuɗi.

Saboda haka ga abin da muke so kowane ɗan jam'iyya da kowane ɗan kasuwa ya riƙe a kansa, ya kuma gaya wa maƙwabcinsa.

Na farko, kana da ikon sanin wanda ya zo maka. In mutum ya ce shi ma'aikacin jin daɗin jama'a ne ko ɗan sanda, ka karɓe shi da mutunci, ka nemi ganin katin shaidarsa, ka rubuta sunansa da ofishinsa da ranar da ya zo, ko ka sa wani ya rubuta maka. Sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin gidan kowane ɗan ƙasa, bai ce sai gidan mai kuɗi ba. Ka kira mai unguwa ko shugaban layinku na kasuwa ko limami ko fasto ya zauna ya zama shaida. Amma fa kada ka ɗaga hannu, kada ka yi zagi, kada ka ɓoye yaro. Wanda ya yi haka ya ba da sandar dukansa.

Na biyu, kana da ikon sanin inda aka kai ɗanka da dalilin kai shi. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara a 1991, kuma sashe na 9 na yarjejeniyar ya ce ba a raba yaro da iyayensa ba da son ransu ba sai bisa doka, a ƙarƙashin idon kotu, bayan an ji ta bakin kowa. Dokar tarayya ta 2003 ta ce in an kama yaro a sanar da iyayensa nan take. Watau uwar da ke yawo ofis ofis tana neman 'yarta, ba alfarma take roƙo ba, haƙƙinta aka danne.

Na uku, ma'aikaci yana iya janye yaro daga haɗari na ɗan lokaci, tsarin mulki ya yarda da wannan, amma raba yaro da gidansu hukuncin alƙali ne. Dokar 2003 ta tanadi kotun iyali domin irin wannan shari'a. A Ingila, inda aka koyo yawancin wannan tsari, dokarsu ta 1989 ta ce 'yan sanda ba za su riƙe yaro da sunan kariya fiye da awa 72 ba. Saboda haka kullum ka tambaya: ina takardar kotu, kuma yaushe ne ranar zama? In an sa rana, ka rufe rumfa ka je. Wanda bai je ba, a bayansa za a yanke.

Na huɗu, kada ka sa hannu ko ka dangwala yatsa a takardar da ba a karanta maka da harshenka ba. In kai aka kama, sashe na 35 ya ba ka ikon yin shiru har ka ga lauya ko wani wanda ka zaɓa, ya ce a gaya maka laifinka a rubuce cikin awa 24 da harshen da kake ji, kuma a kai ka gaban kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tsakanin kilomita 40. A cikin garin Kaduna kuwa wa zai ce kotu ta yi nisa? Sashe na 36 ya ce kai marar laifi ne har sai an tabbatar, kuma in ana tuhumarka a ba ka tafinta kyauta. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama wani a madadin wani, watau ba a tsare uwa don ana neman uba. Beli kuma kyauta ne.

Na biyar, rashin kuɗin lauya ba ƙarshen magana ba ne. Tun 1976 akwai hukumar tarayya mai ba marasa ƙarfi lauya kyauta. Akwai hukumar kare haƙƙin ɗan Adam, akwai ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA. Ka je da takardar haihuwar yaro, da katin rigakafi, da shaidar makarantarsa. Waɗannan takardu su ne bakinka a gaban alƙali, ka adana su kamar yadda kake adana takardar rumfa.

Na shida, in alƙali ya ga lalle yaro ba zai kwana a gidanku ba har a gama bincike, ka roƙa a ba da shi ga dangi, kuma a ba ka ranakun ganinsa. Mu ba mu rasa dangi ba. Akwai kaka, akwai inna, akwai gwaggo, akwai kawu. A shari'ar Musulunci ta mazhabar Malikiyya, in uwa ta kasa riƙo, kakar yaro ta wajen uwa ce ke biye, kuma a al'adun 'yan'uwanmu na kudancin jiha ma dangi ne ke ɗaukar yaro. Gidan gwamnati shi ne zaɓi na ƙarshe.

Yanzu kuma sai mu juyo kanmu, gama mai neman gaskiya tilas ya faɗa wa kansa ita. Dokar ilmin bai ɗaya ta 2004 ta wajabta wa iyaye sa yaro a makaranta har ya gama ƙaramar sakandare. Karon farko gargaɗi ne, na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya, bayan haka naira 5,000 ko wata biyu. Ko babu doka ma, yarinyar da ke yawo da tire a tashar mota da dare, mun san abin da ke jiranta. Ɗanka ya taimake ka a rumfa bayan an tashi makaranta, a gaban idonka, wannan tarbiyya ce, haka aka koya wa yawancinmu ciniki. Tura shi tsakiyar titi cikin motoci kuwa kasada ce da ransa. Haka kuma wanda ɗansa ya gagare shi, kada fushi ya sa ya miƙa shi inda ba zai iya shiga ya gan shi ba. Gidan horon matasa na gwamnati da ke nan tsallaken kogi tun 1962, doka ta yi shi ne don masu shekara 16 zuwa 21, kuma ta hannun kotu ake shiga. Darasin Rigasa ya ishe mu.

Ga mahukunta kuwa, buƙatunmu huɗu ne, kuma babu mai wuya a ciki. A fassara dokar 2018 da Hausa da sauran harsunan jiha, a karanta ta a rediyo, a manna ta a ƙofar kowace kasuwa, domin ba a hukunta mutum da dokar da aka ɓoye masa. A buɗe littafi guda wanda za a rubuta sunan duk yaron da aka ɗauka da inda aka kai shi, yadda uwa za ta je wuri ɗaya ta sami amsa a ranar. A kai kowace magana gaban kotun iyali cikin kwana uku, ko a mayar da yaro gida. Sa'an nan in bincike ya nuna yunwa ce ta fitar da yaro titi, a taimaki gidan da jari da kujera a makaranta, maimakon a ci uwa tara daga kuɗin da babu.

Shugabannin kasuwa, ku ma da naku. Kowace ƙungiya ta ware mutum biyu masu karatu waɗanda za su raka duk wanda irin wannan ta faɗa wa, kuma a riƙa tara ɗan abin mota a asusu. Mutum ɗaya a bakin ofis ana ce masa ya dawo gobe. Mutum biyar da takarda da alƙalami, kujera ake ba su.

Tun ranar 8 ga Agusta 1950 da aka kafa NEPU a Kano, abin da su Malam Aminu Kano da Hajiya Gambo Sawaba suka sha ɗauri da duka a kansa shi ne talaka ya san shi mutum ne a gaban hukuma, ya daina durƙusa wa abin da yake haƙƙinsa. Wannan karatu bai ƙare ba. A kare yaro daga mugun uba, mun yarda. A kare shi kuma daga mugun aiki na ofis. Wanda ya karanta wannan ya karanta wa wanda bai iya ba.

Allah ya shirya mana zuriya, ya ba talaka sawaba. Amin.