Kafin a goge waya, a tambayi inda sabar ta koma

Duk lokacin da wata ma'aikata ko makaranta ta kwashe imel ɗinta daga hannun wani kamfani zuwa wani, kukan da ake ji ɗaya ne: "Saƙo ya daina shigo mini." WhatsApp na aiki, data na nan, amma akwatin imel ya tsaya cak tun ranar da aka yi ƙaurar. Sai mutum ya garzaya wurin mai gyara, a ce masa sai an yi wa wayar fulashin. Wannan ɓarna ce tsagwaronta, domin wayar lafiyarta ƙalau.

Ranar da aka saka imel a waya, ta riƙe adireshi biyu: na saba (kwamfutar kamfanin imel) da take ɗauko saƙo daga gare ta, wato IMAP ko POP3, da na wadda take aikawa ta hannunta, wato SMTP. Idan aka sauya su ba a gaya mata ba, za ta yi ta sallama a tsohon gida bayan masu gidan sun tashi. Gyaran na 'yan mintoci ne. A fara buɗe imel ɗin ta burauza. In ya buɗe, kalmar sirri daidai take. Sai a shiga saitin asusun a rubuta sabon sunan saba. Lambar mashigar IMAP mai tsaro 993 ce, ta SMTP kuwa 587 ko 465. Mutane da dama sukan gyara ɓangaren shigowa su manta da na fita, shi ya sa saƙo ke zuwa amma amsa ta maƙale. Wani lokaci ma haƙuri kawai ake buƙata, don sabon adireshi kan ɗauki yini ɗaya ko biyu kafin ya game intanet.

Inda na fi jin tsoro shi ne shawarar nan ta "cire asusun ka sake sakawa". Ga mai IMAP babu wata matsala matuƙar an kwashe tsofaffin saƙonni zuwa sabuwar saba, tunda asalinsu a can suke zaune. Amma POP3, mai lamba 995 ko 110, yakan sauko da saƙo cikin na'ura, kuma idan an saita shi haka, ya share shi daga saba. Ke nan kwafin da ke cikin wayar shi kaɗai ya rage a duniya. Takardar ɗaukar aiki, rasidin kuɗin makaranta, yarjejeniyar kwangila, duk suna iya tafiya da dannawa ɗaya, kuma babu mai gyaran da zai dawo da su. Kada wanda ya cire asusu sai ya duba wane iri ne nasa.

Idan kuma wurin Google ko Microsoft aka koma, rubuta kalmar sirri a tsohon saiti ba lallai ya wadatar ba. Tun 2022 kamfanonin biyu suka fara rufe wannan tsohuwar hanyar shiga, don haka sai an zaɓi sunansu a jerin da waya ke nunawa, an shiga ta shafinsu.

Duk da haka, ban ɗora laifin a kan mai waya ba. Laifin na masu kula da kwamfutocin ofis ne da ke yin ƙaura cikin dare, sannan su aika sanarwa ta imel ɗin da ya riga ya tsaya. Wa zai karanta ta? Shirun nan shi ke buɗe wa 'yan damfara ƙofa. Ma'aikacin da ya kwana biyu bai ga saƙo ba, da zarar an turo masa mahaɗi an ce "danna nan ka sabunta akwatinka", zai danna, ya miƙa kalmar sirrinsa da hannunsa.

Ina kira ga shugabannin ma'aikatu da su hana a taɓa saba sai an sanar da kowa mako guda kafin ranar, ta tes, ta zauren WhatsApp na ofis, da takarda a allon sanarwa. A rubuta sunayen sabobin biyu, lambobin mashiga, da ofishin da za a je idan abu ya ƙi. A kuma faɗa ƙarara cewa babu ma'aikacin da zai nemi kalmar sirrin wani ta waya ko ta saƙo.