Gwiwar Hannu Ba Ta Jure Dogon Ɗauri

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta taso daga Nyanya, ta ratsa Jikwoyi da Kurudu har ta dangana da Karshi, ya san faɗuwa daga babur ba baƙon abu ba ne. Kuma da yake ɗabi'ar ɗan Adam ce ya tari ƙasa da hannu, sau da yawa gwiwar hannu ce ke gocewa ko ta karye.

A cikin gaɓoɓin da Allah Ya halitta mana, kaɗan ne ke saurin ƙagewa kamarta, domin idan ta wuce mako uku a ɗaure ba motsi, tantanin da ya lulluɓe gaɓar yakan yi kauri ya takure, wani lokaci ma sabon ƙashi ya tsiro cikin tsoka, balle inda aka yi ta murza da fizga da sunan magani. A 1981 likita Bernard Morrey da abokan aikinsa a Amurka suka tabbatar cewa galibin hidimomin yau da kullum suna bukatar gwiwar hannu ta motsa daga digiri 30 zuwa 130, wanda kuwa ya rasa wannan, kai loma baki da shafar kai a alwala sai su zame masa jidali. Ba na raina masu ɗori, waɗanda suka gaji sana'ar kaka da kakanni, amma ido ba ya ratsa fata, kuma gocewar da aka ɗaure ba tare da hoton ƙashi ba tana iya daskarewa a karkace.

Alhamdu lillahi, lalurar tana da magani. Likitocin ƙashi, irin na Asibitin Ƙasa da ke Abuja da na Dala a Kano, sukan fara da gashin ƙashi na wasu watanni, in ya faskara su yi tiyata, su saki tantanin, su cire ƙashin da ya tokare, suna kiyaye jijiyar da ke bin gefen gwiwa zuwa ƙaramin yatsa. Sai dai tiyatar rabin aiki ce, domin wajibi ne a soma motsa hannun cikin 'yan kwanaki, a dawwama a kai wata da watanni duk da raɗaɗi, in ba haka ba gaɓar ta sake ƙagewa. A nan talakan Kurudu ke sarewa, saboda kuɗin motar zuwa asibiti da cunkoson Nyanya. Don haka muna roƙon hukumomin lafiya na Birnin Tarayya su kusanto da masu gashin ƙashi ga jama'ar wannan yanki.