Sharhi: Raɓar da Ta Shekara Ɗari Ba Ta Bushe Ba



Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, hantsi na dubawa ya kama gabansa. To yau a kan wata irin raɓa zan yi magana, raɓar da ta shekara ɗari a wuri ɗaya, ta yi gida, ta yi gona, ta binne iyayenta a nan, ta aurar da jikokinta a nan, amma har gobe in ta je neman takarda sai a ce mata baƙuwa.

Watannin baya ɗan yayata ya sauka a gidana daga wani gari a ƙasar Yarbawa. Fataucin goro ne ya kai kakansa can tun zamanin Turawa, can ya yi aure, can kabarinsa yake. Uban yaron can aka yanke masa cibiya, shi ma yaron haka. Yarbanci a bakinsa kamar ruwa, Hausar ce ma take ɗan yi masa gardama. Ya ci jarrabawa, zai wuce makarantar gaba, aka ce ya kawo takardar indijin. Ya je sakatariyar garin da aka haife shi. Mai hatimi ya ɗago kai, ya dubi hular yaro, ya dubi sunan da ke kan fom, ya ce, "Ina asalinku?" Yaro ya ce nan. Ya ce, "A'a, asalinku na asali nake tambaya. Koma garinku su ba ka."

Yaro ya hau motar dare ya taho Arewa. Na raka shi ƙauyen da kakansa ya baro. Can ma muka tarar da wani mai hatimin, shi ma da tasa tambayar: wa ya san ka a nan? Je ka kawo sa hannun mai unguwa da dagaci. Mai unguwa, bawan Allah, ya ƙare wa yaron kallo ya ce, "Ɗana, ni ko mahaifinka ban sani ba, balle kai." Sai da aka lalubo wani tsoho da ya tuna cewa a bayan marina an taɓa yin wani gida, masu shi sun tafi kurmi ba su dawo ba. Kwana tara muna zirga-zirga. Kuma muna zaune a kan bencin nan muna jiran tsammani, wani ya shigo da babbar riga, ya yi wa mai hatimi musabaha mai nauyi, kafin a kira azahar ya fito yana kaɗa takardarsa don tawada ta bushe. Ba wanda ya tambaye shi kabarin kakansa.

Kada wani ya ce mini babu doka. Doka kam har ta yi mana yawa. Ranar 10 ga Disamba 1948 Majalisar Ɗinkin Duniya ta zauna a birnin Faris ta ayyana haƙƙoƙin ɗan Adam, sashe 30, duk da cewa ba a ware wa tsiraru ko sashe ɗaya ba a ciki. A 1966 aka cike giɓin da yarjejeniyar haƙƙoƙin jama'a da na siyasa, wadda sashenta na 27 ya hana a tauye wa tsirarun ƙabila ko addini ko harshe damar raya al'adarsu, da bin addininsu, da magana da harshensu. Najeriya ta shiga wannan yarjejeniya a 1993. Akwai ta Afirka da aka amince da ita a 1981, wadda ake kira ta Banjul, mu har mun mayar da ita dokar ƙasa a 1983. A 1992 aka sake fitar da sanarwa ta musamman a kan tsiraru. Takarda kan takarda, sa hannu kan sa hannu. Amma ranar da ɗan yayata ya tsaya gaban tebur, duk ba su zo ba. Mai hatimi kaɗai ya zo aiki.

Abin da zai ba ku haushi ma, babin haƙƙoƙin ɗan Adam da ke cikin tsarin mulkinmu, tsoron tsiraru ne ya haife shi. A 1957, ana shirin karɓar mulkin kai, ƙananan ƙabilu a Arewa da Gabas da Yamma suka ce su fa suna tsoron in Bature ya tafi manyan ƙabilu za su haɗiye su, don haka a ba su jihohinsu. Aka kafa hukuma a ƙarƙashin wani Bature, Henry Willink, ta zaga ƙasa tana sauraron koke, ta miƙa rahoto a 1958. Ba ta goyi bayan a yanka sababbin jihohi ba. Shawararta ita ce a rubuta haƙƙoƙin kowane ɗan ƙasa a cikin tsarin mulki, ya zama garkuwa ga kowa a duk inda yake. Aka rubuta. Daga baya kuma jihohin ma aka yanka: 12 a 1967, 19 a 1976, har muka kai 36 a 1996, da ƙananan hukumomi 774. Aka yi gudun gara aka faɗa gidan zago. Duk jihar da aka yanka, wanda yake kuka jiya da danniya ya zama mai rinjaye, ya waiwaya ya ga wani ƙarami a ƙarƙashinsa, ya ɗora masa ƙafa. Kowace sabuwar jiha da sabon hatiminta, kowace ƙaramar hukuma da nata. Hatimi 774, kowanne da mai riƙe da shi, kowanne da tambayar nan guda: ina asalinka?

Ku buɗe kundin 1999 ku gani. Sashe na 42 ya haramta a nuna wa ɗan Najeriya bambanci saboda ƙabilarsa, ko garin asalinsa, ko addininsa, ko yanayin haihuwarsa. Madalla. Sashe na 15 ya ɗora wa hukuma nauyin tabbatar wa kowa cikakken 'yancin zama a ko'ina cikin tarayya. Madalla sau biyu, sai dai an ajiye shi a babin da ba a iya kai ƙara kotu a kansa, wato an ba ka doki an ɗaure ƙafafunsa. Sai ka gangara sashe na 147, ka tarar an ce a naɗa minista daga kowace jiha, kuma lalle ya zama ɗan asalin jihar. Waye ɗan asali? Shekara nawa mutum zai yi a wuri kafin ya zama? Kaka nawa zai binne? Kundi bai ƙayyade ba. Ya bar wa mai hatimi. Daga kujerar minista abin ya gangaro har gurbin karatu, da kuɗin makaranta, da tallafin ɗalibai, da aikin gwamnati, da ɗaukar soja da ɗan sanda. Duk sai mai hatimi ya yarda kai ɗan wani wuri ne.

Na san yanzu wasu na gyaɗa kai a gindin rediyo, suna tuna 'yan'uwanmu na Jos, da na Sabon Ibadan, da na Shagamu, suna cewa gaskiya ne, ana zaluntarmu. Ana yi, ban musa ba. Amma laifi tudu ne, ka take naka ka hango na wani. A unguwarmu akwai wani Ibo mai sayar da kayan gyaran mota, ya fi shekara 40 a cikinmu. 'Yarsa tare da 'ya'yana ta yi wasan ƙasa, in tana zuba karin magana sai ka rantse daga cikin birni ta fito. Da ta je neman gurbin karatu, me namu mai hatimin ya ce mata? Abin da na kudu ya ce wa ɗan yayata, ba ragi ba ƙari, harshe kawai aka canja. Sabon Garin Kano ya haura shekara ɗari da kafuwa. Sabo har yaushe? Ga Bamaguje, wanda in asali ake nema ba wanda ya kai shi, ga Bahaushe Kirista da ke shan tambayoyi kafin ya sami filin ɗakin ibada, kamar yadda Musulmi ke shan irinsu a wasu garuruwan kudu kafin ya aza harsashin masallaci. Ran da aka taɓa namu a can, sai mu cika gidajen rediyo da maganar haƙƙin ɗan Adam. Ran da aka taɓa na wani a ƙofar gidanmu, sai mu ce ai kowa ya san garinsu.

Kuma tunda na zo nan, bari in ɗan ratse, don abin ya daɗe yana ci mini rai. Ina matsayin matar aure a wannan lissafi? Mace ta bar jihar iyayenta tana 'yar shekara 18, ta yi shekara 30 a ɗakin mijinta a wata jiha, ta haifa musu 'ya'ya takwas, duk takwas ɗin 'yan asali ne, ita uwar da ta haife su baƙuwa ce. In muƙami ya taso, dangin miji su ce ai ba 'yar nan ba ce, ta koma jiharsu. Ta koma, 'yan'uwanta su ce ai ke kin zama ta can, kada ki cinye mana rabo. Tuwonta halal, haihuwarta halal, ƙuri'arta ma ran zaɓe halal, har mota ake aiko mata. Kujera ce kawai haram. Alƙalai mata da manyan malaman makaranta sun sha wannan wulaƙanci, kuma duk wanda ke da ƙanwa ko 'ya da ta yi aure nesa ya san ba ƙage nake yi ba. Wannan kaɗai ya isa sharhin mako guda, amma bari in koma kan hanya.

Masu cewa ai takarda ce kawai, mene ne abin tayar da jijiyar wuya, su ɗaga kai su dubi waje. A ƙarshen 1969 aka ba baƙi marasa takardar zama mako biyu su fice daga Gana, aka kwaso har da waɗanda a zango aka haife su, ba su taɓa ganin Kano ko Sakkwato ba sai a labari. Muka yi kuka. A 1983 mu ma muka kori nasu, har jakar da suka zuba kaya a ciki ta samo suna daga wannan kora, kuma har yau muna kiranta da shi muna dariya. A Sudan, bayan yaƙin Burmi na 1903, mabiyan Sarkin Musulmi Attahiru da suka tsira suka nausa gabas, suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu. A watan Yulin 2022, bayan fiye da ƙarni guda, aka zubar da jini a yankin Bulu Nayil tsakanin Hausawa da maƙwabtansu, kuma tushen rigimar bai wuce wannan ba: wa ke da ƙasa, wa ya isa ya riƙe sarauta, waye ɗan gari, waye raɓa.

Wanda kuma yake son ganin inda hanyar nan take ɓullewa, ya dubi Rohinga a ƙasar Bama, wato Myanmar.  A 1982 aka yi dokar zama ɗan ƙasa, aka zo aka jera ƙabilu 135 da aka ce su ne 'yan asali, ba a sa sunansu ba. Shi ke nan, mai hatimi ya rufe aljihun tebur. Makaranta ta gagara, tafiya daga gari zuwa gari sai da izini, aure ma sai da izini. Shekara 35 tsakanin hatimi da wuta. Daga watan Agustan 2017 mutum fiye da 700,000 suka tsere zuwa Bangaladash, ƙauyukansu na ci da wuta a bayansu. Sai da 'yar ƙaramar Gambiya ta shigar da ƙara a Kotun Duniya a watan Nuwamban 2019, kotu ta ba da umarnin wucin gadi a Janairun 2020 cewa a kare rayukansu. Allah ya saka wa Gambiya. Amma umarnin kotu bai mayar da su gida ba, har yanzu suna cikin bukkokin leda da gora a sansani. Kotun duniya sai bayan an yi jana'iza take isowa. Mai hatimi kuwa tun ranar suna yake wurin.

Ba na cewa ƙananan ƙabilu ba su da dalilin tsoro. Mutumin da ƙabilarsa ba ta cika ƙaramar hukuma ɗaya ba, in ya ga ana ta kwararowa ƙasarsa, dole gabansa ya faɗi, kada a wayi gari harshensa da gonarsa da sarautarsa su zama tarihi. Wannan tsoro gaskiya ne, kuma shi ne ainihin abin da sashe na 27 na yarjejeniyar 1966 ɗin nan ya zo karewa. A kare masa harshensa, a koyar da shi a makaranta, a bar masa sarautar gargajiyarsa da wuraren ibadarsa. Amma hana yaron maƙwabci gurbin karatu bai taɓa raya harshen kowa ba. Aljihun mai hatimi kawai yake rayawa.

Don haka kirana ga wakilanmu da ke zaman gyaran tsarin mulki kusan kowace majalisa, suna yawon jin ra'ayin jama'a a manyan otal-otal: ku yanke shekaru. Goma ne, ashirin ne, ku faɗa, ku rubuta, yadda wanda aka haifa a wuri, ko ya zauna ya biya haraji na tsawon wannan lokaci, zai karɓi takardarsa a inda yake ba sai ya je tonon kabarin kakansa ba. Ku rubuta wa matar aure matsayinta baƙi da fari. Kai kuma mai hatimi, na san kana saurare, wataƙila ma rediyon na kan teburinka kusa da tawada: kai ma kana da ɗa ko ƙane a Legas ko Fatakwal, kuma gobe da safe zai tsaya gaban wani tebur irin naka. Yaron da ke zaune a kan bencinka tun hantsi, kira shi ka sa masa hannu.