WA ZAI FARA ZUWA? MAGANA KAN TAWALI'U DA GAFARA A TSAKANINMU



Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin masu bi idan an samu saɓani: "Ni na yafe, amma sai ya zo ya same ni." Ana jin ta a bakin dattawa, ana jin ta a zumuntar mata, yanzu har matasa sun koya. Idan ka je wajen ɗaya ɓangaren, shi ma abin da zai faɗa maka ke nan. Sai a kwashe shekara biyu, shekara uku, mutum biyu suna sujada a majami'a ɗaya, suna karɓar Jibin Ubangiji a layi ɗaya, amma ko gaisuwa ba ta haɗa su. A ganinmu girman kai ne ke riƙe da yawancin waɗannan rigingimu, domin idan aka bincika, laifin da aka yi sau da yawa bai taka kara ya karya ba.

Mu da ke zaune a nan Kudu ya kamata abin ya fi damunmu. Ko a Legas kake, ko Ibadan, ko Fatakwal, ba mu da yawa, dangi kuma suna can gida. Ranar da ɗayanmu ya kwanta a asibiti, ko aka tsare shi a ofishin 'yan sanda, ko aka yi rasuwa ana neman kuɗin motar kai gawa gida, mu ɗin nan dai ake kira. To me ke raba mu? Kuɗin adashe da wani ya ɗauka ya daina zubi. Bashin da aka yi alkawarin biya ƙarshen wata. Zaɓen shugabanni. Maganar da aka kai aka kawo, ko saƙon murya da aka tura a WhatsApp cikin fushi. Zo mu zauna, zo mu saɓa, wannan ba baƙon abu ba ne. Abin tsoro shi ne barin saɓanin ya kwana, ya shekara, har 'ya'yanmu su gaji gabar da ba su san tushenta ba.

Duk mai Littafi Mai Tsarki ya buɗe Matiyu sura 18 ya duba yadda aka jera ta. Surar ta fara ne da tambayar almajirai kan wanda ya fi girma a Mulkin Sama, Yesu kuwa ya kira ƙaramin yaro ya tsayar da shi a tsakiyarsu. Sai daga baya aka zo kan ɗan'uwan da ya yi maka laifi, sannan tambayar Bitrus ko sau bakwai ya isa a yafe. Wato sai da aka gama da maganar girma kafin a taɓo maganar gafara. Wanda har yanzu yake lissafin shekarunsa, da muƙaminsa, da cewa ya riga wane zuwa garin nan, ƙafarsa ba za ta ɗauke shi zuwa ƙofar kowa ba.

Ga kuma abin da ya toshe mana duk wata hanyar kaucewa. A Matiyu 5:23-24, idan kai ne ka tuna ɗan'uwanka yana da magana a kanka, an ce ka ajiye baikonka ka je ku shirya tukuna. A Matiyu 18:15, idan kai aka yi wa laifin, nan ma an ce ka je ka same shi, ku biyu kaɗai. Ko kai ne mai laifi, ko kai aka cuta, kai ne mai tafiya. Babu inda aka ce ka zauna a gida kana jira.

Mun san abin da wasu za su ce: "Idan na je zai raina ni. Kuɗina fa?" Tambaya ce mai nauyi, ba za mu yi wasa da ita ba. A misalin da Yesu ya bayar a ƙarshen surar, an yafe wa wani bawa bashin talanti 10,000, shi kuma ya shaƙe abokin aikinsa a kan dinari 100. Dinari ɗaya ladan aikin yini guda ne na ɗan ƙwadago a lokacin, don haka dinari 100 ya haura guminsa na wata uku. Ba ƙaramin kuɗi ba ne, kuma Yesu bai ce ƙarami ba ne. Sai dai talanti ɗaya kaɗai ya kai kimanin dinari 6,000. Ciwon da aka ji maka gaskiya ne, amma ka ajiye shi kusa da abin da aka yafe maka ka gani.

Gafara kuma ba ta hana faɗin gaskiya. Wanda ya ci kuɗin adashe a gaya masa ya ci, a tsara masa yadda zai biya, kuma ba dole ba ne a sake damƙa masa asusu. Zakka mai karɓar haraji da ya tuba, alkawarin mayar wa waɗanda ya cuta ya yi har ninki huɗu. Abin da gafara ke ɗauke mana shi ne neman ramuwa, da ɓata sunan mutum gida-gida, da jin daɗi idan masifa ta same shi.

Da yawanmu sun san labarin Fasto James Wuye da Imam Muhammad Ashafa na Kaduna. A rikicin 1992 suna gaba da juna, kowa yana jagorantar matasan ɓangarensa. Fasto Wuye ya rasa hannunsa na dama, Imam Ashafa ya rasa malaminsa da wasu 'yan'uwansa. Sun haɗu a 1995, daga baya suka kafa cibiyar sasanta mabiya addinan biyu, har suka taimaka wajen sulhun Yelwa da ke Shendam a Jihar Filato bayan rikicin 2004. Fasto Wuye da bakinsa ya sha faɗa cewa ya ɗauki shekaru zuciyarsa ba ta sauko ba ko bayan sun fara aiki tare, kuma yana cikin abin da ya taɓa shi yadda limamin ya je duba mahaifiyarsa tana kwance ba lafiya. Wanda ya rasa hannu ya iya zama inuwa ɗaya da abokin gabarsa na da. Mu kuma da ɗan'uwanmu na ikilisiya ɗaya, a kan kujerar ma'aji?

Shawararmu ga kowa ita ce, kada ka jira sai ranar da zuciyarka ta yi sanyi gaba ɗaya, domin ranar kan daɗe ba ta zo ba. Fara da addu'a, ka ambaci mutumin da sunansa. Ka je da ƙafarka, kada ka aika saƙo. Ka faɗi abin da ya yi maka zafi ba zagi, idan kuma akwai naka a ciki ka ce a gafarta maka ba tare da ka ƙara "amma" ba. Idan ya ƙi ji, ka ɗauki mutum ɗaya ko biyu masu riƙon asiri. Idan duk da haka ya rufe ƙofa, ka sauke naka nauyin, ka ci gaba da gaishe shi.

Iyayenmu dattawa, da girmamawa muke roƙonku ku riga mu. A daren da za a bashe shi, Ubangiji ne ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun almajiransa, har da na Yahuza. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, za ka tashi da tsawonka. Idan yara suka ga babba ya taka zuwa gidan ƙarami neman sulhu, sun samu wa'azin da ba za su manta ba.

Kafin Lahadi mai zuwa, kowa ya san sunan da ya faɗo masa a rai yana karanta wannan. Ubangiji ya ba mu ƙarfin zuciyar tafiya. Amin.

Sakataren ƙungiya