Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Sarkin Fawa Da Shugabannin Majema Da Dukawan Sakkwato

 

Fatar jar akuyar Sakkwato ba ta buƙatar talla. An yi shekaru aru-aru fatake suna ratsa Sahara da ita, har Turawa suka laƙaba mata sunan Maroko, don ta can take isa hannunsu. Amma yau a shiga Shiyar Madunka a tambayi baduku fata nawa yake ɗagawa kafin ya sami wadda zai yanka jaka ba tare da ya kauce wa huji ko tabo ba. Shi zai ce laifin majemi ne. Majemi ya ce haka dillali ya kawo masa, dillali kuma ya nuna mayanka. A mayanka sai a kira yaron da ya yi fiɗa a yi masa faɗa, wani lokaci a kore shi, gobe kuma wani yaron ya yi irin wannan yankan.

Abin da nake roƙo shi ne a daina tsayawa a kan hannun da aka kama. Taiichi Ohno, injiniyan kamfanin Toyota na Japan, ya koya wa ma'aikatansa su tambayi dalili sau biyar idan inji ya tsaya, kowace amsa a sake tambayar dalilinta, har a kai ga abin da in an gyara shi matsalar ba ta dawowa. Mu gwada da fatarmu. Me ya huda ta? Wuƙa. Me ya sa aka sa wuƙa a inda dunƙulen hannu ya isa ya raba fata da nama? Sauri. Me ya kawo saurin? Ana biyan mai fiɗa ne bisa yawan dabbobin da ya feɗe, ba bisa kyan fatar ba. Me ya sa mahauci bai damu ba? Don mai saye yakan kwashe fatun a dunƙule, mai kyau da mai huji kuɗi ɗaya. To ashe laifin yana cikin yadda ake ciniki, kuma ciniki a hannunku yake, ba a hannun yaro ba.

Ƙirgin shanu ma ya fi muni, tunda mai sayen ganda ba ruwansa da huji.

Ba duka aibi ne na wuƙa ba. Akwai tabon kaska da ƙazwa da ƙaya, wanda tun daga garke yake. Akwai ruɓewar fatar da ta jima ba a sa mata gishiri ba, da wadda aka shanya a ƙasa cikin zafin ranar Sakkwato, bayanta ya bushe cikinta bai bushe ba. Majemi ma yana da nasa, in ya rage bagaruwa ko ya cire fata kafin jima ta ratsa ta. Kowanne maganinsa daban, kuma ba za a san wanda ya fi cin kuɗi ba sai an ƙirga. Littafi ɗaya ya isa: kowace fata da aka mayar baya a rubuta aibinta da inda ta fito. Bayan wata uku ku zauna tare, mahauta da majema da dukawa, ku ɗauki aibin da ya fi yawa, shi kaɗai, ku bi shi zuwa tushe. A gayyaci masu fiɗar su ma, a bar su su yi magana ba tsoro, domin wanda ake tsawata wa ɓoye kuskure yake yi.

A da akwai malaman fata na gwamnati da ke koyar da shanya a inuwa. Cibiyar binciken fata ta Zariya tana nan, a nemi ta turo masu horarwa kafin Babbar Sallah, lokacin da kowa ke zama mahauci a ƙofar gidansa. Amma kafin nan, Sarkin Fawa, a sanya ƙarin kuɗi ga fata lamba ɗaya, kuma a tabbatar wani kaso ya shiga aljihun wanda ya feɗe ta.

Wassalam.
Ɗanku, mai kishin sana'ar garinmu.